Yadda Magidanci Zai Auna Sawun Hayaƙinsa Kuma Ya Rage Shi

Duk wanda ya kunna janareta, ko ya hura gawayi, ko ya tayar da babur, ya saki wata iska marar launi da wari wadda masana ke kira iskar kabon, kuma wannan iska ba ta ɓacewa kamar yadda baƙin hayaƙi ke ɓacewa daga ido. Tana taruwa a sararin samaniya, wani kaso nata ya shafe ɗaruruwan shekaru a can, tana tare zafin da ya kamata ya fita daga doron ƙasa. Kafin zamanin masana'antu, a cikin kowane kashi miliyan na iskar da muke shaƙa akwai kimanin kashi 280 na wannan iska. A yau adadin ya haura 420. Jimillar abin da mutum ɗaya ke jawo a saki a cikin shekara, ta hanyar girkinsa da zirga-zirgarsa da wutar gidansa da abincinsa da sayayyarsa, ita ce nake kira sawun hayaƙinsa, domin kamar sawun ƙafa a kan yashi, yana nuna inda mutum ya bi da kuma nauyinsa. Ana auna shi da kilo ko da tan, wato kilo 1,000.

Kafin a shiga matakai, akwai gaskiyar da bai kamata a rufe ta ba. Matsakaicin ɗan Najeriya yana da alhakin abin da bai wuce rabin tan da ɗan ɗoriya ba a shekara daga man fetur da gas da makamantansu, ɗan Nijar kuma bai kai ko rabin wannan ba, alhali matsakaicin Ba'amurke yana sakin kimanin tan 14. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin ɗari na abin da duniya ke fitarwa ba. Ita kanta maganar sawun mutum ɗaya, kamfanin mai na BP ne ya yayata ta a tallace-tallacensa a tsakiyar shekarun 2000, kuma mutane da yawa suna ganin hakan hanya ce ta ɗora wa talaka nauyin da ya fi dacewa da manyan kamfanoni. Saboda haka ba na rubuta wannan jagora domin a kunyata matar da ke girki da kara a ƙauye. Na rubuta ta ne saboda a ƙasarmu wuraren da hayaƙi ya fi fita a gida su ne wuraren da kuɗi ya fi zurarewa, su ne kuma wuraren da huhun iyali ya fi cutuwa, kuma mu ne muke zaune a bakin Sahara, inda kowace bishiyar da aka sare take da ranar da za a yi kewarta.

Mataki na farko: a rubuta abin da ake ƙonawa na wata guda

Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima, don haka a fara da littafi da biro. A ware shafi ɗaya, a ja layuka, a riƙa rubuta lita nawa ta fetur aka zuba wa janareta, lita nawa aka zuba wa mota ko babur, kilo nawa na gas aka cika, buhu nawa na gawayi ko ƙullin itace nawa aka saya, da yunit nawa na lantarki mita ta ci. A rubuta yawan kayan, ba kuɗinsu kaɗai ba, domin farashi yana canzawa tsakanin mako da mako, lita kuwa tana nan lita. Idan gawayi ake saye a leda ko a gwangwani, a kai ma'auni ɗaya wurin mai sikeli a auna shi sau ɗaya, daga nan sai a riƙa ninkawa. Wannan aiki ba na maigida kaɗai ba ne. Uwargida ce ta san abin da ke shiga murhu, kuma idan ba a sa ta cikin lissafin tun farko ba, rabin shafin zai zama zato.

A yi wannan har kwana 30 ba tare da canza komai a tsarin rayuwar gida ba. Wanda ya soma tsimi tun ranar farko domin lissafin ya yi kyau, kansa ya ruɗa.

Mataki na biyu: a mayar da lita da kilo zuwa hayaƙi

A nan ana buƙatar 'yan alƙaluma kaɗan waɗanda ba sa canzawa. Lita ɗaya ta fetur tana sakin kimanin kilo 2.3 na iskar kabon. Lita ɗaya ta dizal tana sakin kimanin kilo 2.7, kananzir kuma kimanin kilo 2.5. Kilo ɗaya na gas ɗin girki yana sakin kusan kilo 3, wato tukunyar gas mai kilo 12.5 tana daidai da kilo 37 ko kusa da haka. Kilo ɗaya na busasshen itace yana sakin fiye da kilo ɗaya da rabi, kilo ɗaya na gawayi kuma kusan kilo 3 a lokacin da yake ci a murhu. Yunit ɗaya na wutar lantarkin Najeriya, wadda akasarinta da iskar gas ake samar da ita, sauran kuma daga madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro, yana da nauyin kilo 0.4 zuwa 0.5. Mai karatu na iya mamakin yadda lita ɗaya, wadda ba ta kai kilo guda a sikeli ba, za ta haifar da kilo biyu da ɗoriya. Dalili shi ne kabon ɗin da ke cikin man yana haɗuwa da iskar shaƙa a lokacin ƙonewa, kuma nauyin wannan iskar ne ke ƙaruwa a kai.

Mu ɗauki misalin gida mai mutum takwas a birni, domin a ga yadda lissafin yake tafiya. Janareta yana shan lita ɗaya a awa, ana kunna shi awa huɗu a dare 25 cikin wata, ya zama lita 100, wato kilo 230. Babur ɗin maigida ya sha lita 30, kilo 69 ke nan. An ƙarar da tukunyar gas ɗaya, kilo 37. An ƙona gawayi kilo 30, wato kilo 90. Mita ta ci yunit 100, kimanin kilo 45. Jimilla ta kama kilo 471 a wata, wato tan biyar da rabi da 'yan kai a shekara, ko kusan kilo 700 a kan kowane mutum. Abin da ya kamata a lura da shi ba jimillar ba ce, a'a, layin da ya fi kowane kauri: a wannan gida janareta shi kaɗai ya ɗauki kusan rabi. A wani gidan, musamman a karkara, murhu ne zai ɗauki kusan komai, a gidan mai motoci biyu kuwa tankin mota ne. Daga layi mafi kauri ake farawa, ba daga wanda ya fi sauƙi ba, kuma wannan ita ce ƙa'idar da sauran matakan suka rataya a kanta.

Mataki na uku: murhu

Zan daɗe a nan, domin a nan ne akasarin gidajen Hausawa suke da babban abin gyara. Murhun duwatsu uku, wanda muka gada, yana isar da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne kawai na zafin itacen zuwa gindin tukunya. Sauran yana bin iska. Gawayi ya fi tsafta a ɗakin girki, amma ɓarnarsa tana can a daji inda mai saye ba ya gani: a ramin ƙona gawayi na gargajiya ana buƙatar kilo biyar zuwa goma na itace kafin a samu kilo ɗaya na gawayi, kuma bishiyoyin da aka fi so domin wannan aiki, irin su ƙirya da marke, su ne masu jinkirin girma. Saboda haka kilo 90 ɗin da muka rubuta wa gawayi a misalinmu ƙaramin adadi ne idan aka haɗa da abin da ya tashi a wurin ƙonawa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan uku a kowace shekara, kuma mata da yaran da ke goye a bayansu ne suka fi shaƙarsa.

Wanda ke da halin komawa gas, ya koma. Wasu na cewa ai gas ma daga ƙarƙashin ƙasa yake, kamar fetur, kuma gaskiya ne. Amma domin fiye da rabin zafinsa yana shiga tukunya, hayaƙin da ake saki kafin tuwo ya nuna ya yi ƙasa ƙwarai da na gawayin da aka samo ta hanyar sare daji. A kula da abubuwa uku: a ajiye tukunyar gas a tsaye a wuri mai iska, a gwada mahaɗin tiyo da ruwan sabulu domin ganin ko yana kumfa, kuma a canza tiyon da ya soma tsagewa ba tare da jiran ya huje ba.

Wanda gas ya fi ƙarfinsa, kuma su ne mafi yawa, yana da gyare-gyaren da ba sa cin kuɗi sosai. Murhun laka da aka gina ya rungumi tukunya, mai ƙofa ɗaya ta tura itace, yana tare iska kuma yana tattara harshen wuta a inda ake buƙatarsa. Murhun gawayi mai cikin yumɓu shi ma yana riƙe zafi fiye da na gwangwani zalla. A faskara itace ƙanana, a bar shi ya bushe sosai, domin ɗanyen itace wani kaso na ƙarfinsa a ƙafar da ruwan cikinsa yake ƙarewa. A rufe tukunya da murfin da ya dace da ita. A jiƙa wake tun dare, a shirya kayan miya gaba ɗaya kafin a hura wuta, kada wuta ta tsaya tana ci ana jajjage. Da zarar ruwa ya tafasa a janye itace ɗaya ko biyu, domin ruwan da ya tafasa ba ya ƙara zafi komai yawan wutar da aka iza masa. Akwai kuma dabarar da na fi so a yaɗa: a sauke shinkafa ko wake bayan sun ɗan tafasa, a naɗe tukunyar da tsohon bargo a cikin kwando ko kwali, a rufe ruf, a bar ta ta ƙarasa nuna da zafin da ke cikinta. Shinkafa takan ƙarasa cikin ƙasa da awa ɗaya, wake kuma yana buƙatar ya daɗe a wuta kafin a naɗe shi, ya kuma daɗe a naɗe. Gani ya kori ji; a gwada sau ɗaya da shinkafar rana.

Mataki na huɗu: janareta da wutar gida

Ƙaramin janareta hanya ce mai tsada ta samun lantarki, a kuɗi da kuma a hayaƙi. Yunit ɗaya da aka samu daga gare shi yakan ninka hayaƙin yunit na wutar layi sau uku ko fiye, musamman idan injin yana ruri ne domin ƙwan lantarki huɗu da cajin waya kawai. Tun bayan janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, aljihu ya riga ya koya wa mutane wannan darasi.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ruga sayen sola kafin a rage buƙata. A fara da sauya ƙwan lantarki: ƙwai na zamani mai wat 9 yana ba da hasken da tsohon ƙwai mai wat 60 ke bayarwa. A sauya fanka zuwa mai ƙarancin cin wuta, a duba robar ƙofar firiji, a janye firijin daga jikin bango da kuma daga inda rana ke dukansa. Bayan haka sai a lissafa: a ninka wat ɗin kowane abu da awannin da yake aiki a rana, a tara. Ƙwai biyar masu wat 9 na awa biyar sun ba da 225, fanka biyu masu wat 30 na awa takwas sun ba da 480, talabijin mai wat 60 na awa huɗu ya ba da 240, jimilla 945, ƙasa da yunit ɗaya, wanda shi ne 1,000. Faifan sola ɗaya mai wat 300 a arewacin Najeriya ko kudancin Nijar, inda rana ke da ƙarfi kusan duk shekara, yana iya ba da fiye da yunit ɗaya a rana. Da wannan takarda a hannu ake zuwa wurin mai haɗa sola, domin kada a sayar wa mutum abin da ya fi buƙatarsa ko wanda bai kai ba. A riƙa goge faifan, musamman a lokacin hunturu da ƙura ke rufe shi, kuma idan batirin na darma ne kada a riƙa zuƙe shi ya wuce rabi, domin hakan ke kashe shi da wuri. In ya mutu a mayar da shi ga masu karɓar tsofaffin batura. Fasa shi a tsakar gida yana zuba gubar darma a inda yara ke wasa.

Idan dole sai an kunna janareta, a haɗa ayyuka masu cin wuta, kamar guga da tura ruwa zuwa tanki, a lokaci ɗaya, a riƙa canza baƙin mai da wanke matatar iska a kan kari. Kada a taɓa kunna shi a cikin ɗaki ko zaure ko kusa da taga, domin yana fitar da wata iskar dabam mai kisa cikin barci, kuma an sha rasa iyali guda a dare ɗaya ta wannan hanya.

Mai shirin gini yana da damar da mai gidan haya ba shi da ita. Siminti na daga cikin manyan hanyoyin sakin iskar kabon a duniya, kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari. Bango mai kauri na tubalin ƙasa, da silin a ƙarƙashin kwano, da tagogi masu fuskantar juna, da darbejiya a gefen yamma, suna rage zafin ɗaki ta yadda fanka za ta wadatar a watannin da wani gidan sai da na'urar sanyaya ɗaki. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma ɗakin soro na kakanninmu ba don talauci kaɗai aka gina shi haka ba.

Mataki na biyar: zirga-zirga

A nan maganar ba ta da tsawo. A duba iskar taya duk mako, a yi wa inji sabis a kan lokaci, a kashe mota idan tsayuwar za ta wuce minti ɗaya ko biyu, a haɗa aike uku a fita ɗaya. Maƙwabta huɗu da ke kai yara makaranta ɗaya a motoci huɗu suna iya yin karɓa-karɓa, kowa ya rage kashi uku cikin huɗu na man wannan hanya. Masallacin unguwa da shagon bakin layi ba sa buƙatar babur. Mayar da mota ko adaidaita sahu zuwa iskar gas yana rage hayaƙi da kimanin kashi ɗaya cikin biyar, amma a yi shi a wurin da aka amince da shi, da tukunyar da aka ƙera domin wannan aiki. Jirgin sama kuwa nauyinsa babba ne: zuwa Jidda daga Kano da dawowa yana ɗora wa fasinja ɗaya kimanin rabin tan, daidai da abin da matsakaicin ɗan Najeriya ke saki a shekara. Ba wanda zai ce a bar sauke farali saboda wannan, amma tafiye-tafiyen da taron bidiyo ko jirgin ƙasa zai iya maye gurbinsu sun cancanci a sake duba su.

Mataki na shida: abinci, gona da shara

Wannan ɓangare ba ya shiga littafin lissafi cikin sauƙi, domin iskokin da ke fita a nan dabam ne. Akwai mitan, wadda ke fita daga tumbin shanu da fadamar shinkafa mai kwantaccen ruwa da juji mai ruɓewa, kuma ƙarfinta wajen riƙe zafi ya ninka na iskar kabon kusan sau 28 a cikin shekara ɗari. Akwai kuma wata da ke tashi daga takin zamani, musamman yuriya, wadda ta ninka iskar kabon fiye da sau 250. Nasihar da ake yi wa Turawa ta rage cin naman shanu ba ta da wuri a gidan da nama ke shiga tukunya sau ɗaya a mako. Ta fi dacewa da mai cin tsire kullum dare. Abin da ya shafe mu duka shi ne ɓarna: abincin biki da ake zubarwa, tumatir da ke ruɓewa kafin ya kai kasuwa, hatsin da ƙwari ke cinyewa a rumbu. Shanya tumatir da kuɓewa, adana wake a buhu mai hana iska shiga, da dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda malami Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa a shekarun 1990, duk suna ceton abincin da an riga an kashe ruwa da taki da mai a kansa.

Manomi ya binne yuriya kusa da gindin shuka maimakon watsa ta a sarari, ya raba ta kashi biyu ko uku, ya haɗa da takin gida. Mai noman shinkafa na rani ya riƙa barin ruwa ya janye na 'yan kwanaki kafin ya sake ban ruwa, ban da lokacin da shinkafar ke fitar da kai, domin hakan yana rage mitan kuma yana rage man injin ban ruwa. Kada a cinna wa kara da tattaka wuta bayan girbi. Abincin dabba ne, in an bar shi a gona kuma ya zama rufin ƙasa. A gida, a raba shara uku: ƙarfe da roba mai kauri ga 'yan gwangwan, ɓawo da ragowar abinci ga dabbobi ko ramin taki, leda kuma a rage shigowarta tun daga kasuwa ta hanyar riƙe jaka ko kwando. Ƙona leda da taya a bakin layi yana sakin guba wadda ta wuce batun ɗumamar yanayi.

Mataki na bakwai: bishiya, da komawa ga littafi

Dashe abu ne mai kyau, amma hoton ranar dashe ba shi ne bishiya ba. Wadda aka killace daga awaki aka ba ta ruwa har ta wuce rani biyu ita ce ake ƙirgawa. Bishiya biyar da suka rayu sun fi ɗari da suka bushe. Akwai ma hanyar da ta fi dashe arha, wadda manoman Maraɗi da Damagaram suka nuna wa duniya tun daga shekarun 1980: a lokacin sharar gona, maimakon a tumɓuke tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, sai a zaɓi reshe biyu ko uku mafiya ƙarfi a bar su, a sassabe sauran, a ci gaba da gyara su kowace shekara. Ta wannan hanya aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan biyar a kudancin Nijar. Gawo ya fi dacewa da gona, domin yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, kuma rassan da ake sassabewa daga irin waɗannan bishiyoyi itacen girki ne da ba a kashe uwa kafin a same shi ba.

Bayan wata uku da soma gyara, a sake buɗe sabon shafi a yi lissafin kwana 30 kamar na farko, da alƙaluma iri ɗaya. A kwatanta wata da takwaransa a yanayi, domin buƙatar fanka a watan Afrilu ba ɗaya take da ta Disamba ba, kuma girkin watan azumi ba irin na sauran watanni ba ne. Idan layin janareta ya sauka daga lita 100 zuwa 30, an rage kilo 161 a wata, kuma kuɗin lita 70 ɗin da ya rage a aljihu shi za a tara a tunkari layi na biyu a kauri, wanda a gidan misalinmu shi ne buhun gawayi.